Babi na Biyar: Bankin Cefane da Bankin Ajiya

Yawancinmu ba mu muka zaɓi bankin da muke hulɗa da shi ba. Ma'aikaci, ofis ne ya ce ga inda za a riƙa biyan albashi. Ɗalibi, makaranta ce ta tura shi. Manomi, an ce masa tallafin taki ba zai fito ba sai ta banki kaza. Wani kuma ɗan ƙanwarsa ne ya samu aikin banki, aka ɗora masa adadin asusun da zai kawo kafin ƙarshen wata, sai ya bi dangi gida-gida da fom. Duk wannan ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne mutum ya shekara goma a inda aka kai shi, ana yankar kuɗinsa kaɗan-kaɗan, bai taɓa zama ya tambayi kansa ko wurin ya dace da irin neman abincinsa ba.

Ranar da komai ke tafiya daidai, bankuna kusan duk ɗaya suke. Kowanne zai ba ka lambar asusu, da kati, da manhaja a waya. Halin banki yana fitowa ne ranar da aka cire maka kuɗi na'ura ba ta ba ka ba, ko ranar da ka tura kuɗin asibiti suka maƙale a hanya, ko ranar da aka wayi gari an garƙame ƙofar bankin baki ɗaya. Da irin waɗannan ranakun ya kamata a auna banki tun kafin a shiga. Wanda kuwa ya auna da su, a ganina, zai tarar asusu ɗaya bai ishe shi ba.

Mu fara da mafi muni. Ranar 3 ga Yuni, 2024, Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin Heritage Bank, bankin kasuwanci mai rassa a jihohi da dama. Ba shi ne farau ba. Dattawa suna tuna 1998, shekarar da aka rufe bankuna 26 a tashi ɗaya, suna kuma tuna Savannah Bank a 2002. Da gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25, a ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25, kuma Bank of the North, wanda iyayenmu a Kano suka ɗauka kamar Dutsen Dala yake ba inda za shi, ya narke cikin Unity Bank. Tsawon bene da sanyin na'urar sanyaya ɗaki ba su taɓa hana banki faɗuwa ba.

Abin da ke tsaye tsakanin mai ajiya da asara shi ne NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya da aka kafa a 1988. Bankunan da ke karɓar ajiya suna biyan ta wani kaso duk shekara, ita kuma idan banki ya durƙushe sai ta biya masu ajiya, amma har zuwa wani adadi kawai. Wata guda kafin faɗuwar Heritage aka ɗaga adadin daga naira 500,000 zuwa naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci, daga naira 200,000 zuwa miliyan 2 a ƙananan bankunan da ake kira maikurofainas. Wannan adadi na kowane mutum ne a kowane banki. Idan kana da asusu uku a banki ɗaya, haɗa su za a yi a lissafa maka guda.

Yadda aka biya mutanen Heritage darasi ne babba. NDIC ta bi lambar tantancewa ta banki, wato BVN, ta kowane mai ajiya, ta nemo asusunsa a wani banki, ta zuba masa kuɗinsa a can ba tare da ya taka ƙafa ko'ina ba. Wanda ba shi da asusu na biyu sai da ya bi layin tantancewa da takardu, a daidai lokacin da kuɗin cefanensa ke kulle. Masu ajiyar da ta haura miliyan 5 kuwa, abin da ya yi sama sai sun jira an sayar da kadarorin bankin an kuma karɓo basussukan da yake bi. A rabon farko, cikin Afrilun 2025, kwabo 9.2 aka biya a kan kowace naira. Ke nan ɗan kasuwar da ke da miliyan 15 ya karɓi miliyan 5 ɗinsa, a kan ragowar miliyan 10 kuma aka ba shi naira 920,000, bayan wata goma. Da ya raba kuɗin gida uku a bankuna uku, da ba abin da ya taɓa shi.

Saboda haka tambayar farko, kafin a zo maganar caji ko kyawun manhaja, ita ce: wane lasisi wannan wuri yake da shi? Babban Banki da NDIC duka suna wallafa sunayen cibiyoyin da ke ƙarƙashinsu a shafukansu na intanet, dubawar minti biyar ce. Kuma ba duk abin da muke kira banki ne suke aji ɗaya ba. Moniepoint da Kuda lasisin ƙaramin banki gare su. OPay da PalmPay lasisin hada-hadar kuɗi ta waya suke riƙe da shi, kuɗin masu hulɗa da su suna ajiye ne a bankunan kasuwanci, inshorar kuma takan bi ta can ta kai ga kowane mutum har miliyan 5. MoMo na MTN da SmartCash na Airtel bankunan biyan kuɗi ne, suna karɓar ajiya amma doka ba ta ba su damar ba da bashi ba, inshorarsu miliyan 2. Duk waɗannan hukuma ta san da zamansu. Tsare-tsaren zuba kuɗi na bogi irin su MMM da ta kulle kuɗin jama'a a Disambar 2016 da CBEX da ta ruguje a Afrilun 2025 ba su da lasisin karɓar ajiya, don haka babu naira ɗaya da NDIC za ta biya wanda ya zuba.

Sai maganar yau da gobe, wato asusun da ake cefane da ciniki da shi. Nan abu ɗaya ne ya fi komai nauyi: in ka tura ya tafi, in an turo maka ka gani. Mun koyi wannan da wahala a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 ya janye tsabar kuɗi daga hannun mutane. Kowa ya koma tiransifa a lokaci guda, manhajojin manyan bankuna da yawa suka kasa ɗaukar nauyin, aka riƙa sayen naira da naira a wurin masu POS. A wannan tsakanin ne mai shayi da mai nama da mai kayan miya suka manna lambar asusun kamfanonin kuɗi na waya irin su OPay a jikin tebur, kuma har yau ba su cire ba.

Ka tsaya a bakin rumfar mai hatsi a kasuwar Dawanau da hantsi, za ka ga abin da nake nufi. An gama ciniki, 'yan dako sun loda buhuna, mai saye ya danna waya ya juya fuskarta ga mai rumfa.

"Alhaji, ga shi nan, ya tafi."

Alhaji ya zaro tasa daga aljihun gaba, ya duba, ya sake dubawa. "Ban ga alat ba, Malam. Zauna tukuna."

A jawo benci, a kawo ruwa. Direba ya kashe mota. An cire wa mai saye, mai rumfa bai gani ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Alhaji yana da gaskiyarsa, domin rasit na bogi ya cinye jarin mutane da yawa, shi ya sa ba ya sakin kaya sai ya ga kuɗi sun zauna a asusunsa. Mai sayen da ke da wani abu a asusu na biyu zai sake turawa ya kama hanya, ya bi sawun na farkon daga baya. Wanda ba shi da shi, nan zai yi azahar.

Ta yaya za ka san bankin da netwok ɗinsa ke da ƙarfi a inda kake? Kada ka tambayi ma'aikacin banki, kada kuma ka dogara da talla. Tambayi mai POS na unguwarku. Shi ne ke zura katunan bankuna iri-iri daga safe zuwa dare, ya san wanda ke yawan ƙin biya, ya san wanda in ya cire kuɗi bisa kuskure yake mayarwa kafin magariba da wanda sai an yi mako ana zarya. Ka tambaye shi yadda abin yake a ƙarshen wata idan albashi ya shiga, da jajibirin salla, domin a lokutan ne ake gane mai ƙarfi. Bankin da ke gudu a Abuja yana iya rarrafe a Gumel. In kana zaune inda data ke wuya, ko ƙaramar waya kake riƙewa, to ka gwada lambar bankin ta tauraro da ake dannawa ba tare da intanet ba, ka ga ko tana shiga a layinka.

Nisan reshe ma abin lissafi ne, ko da kana ganin komai a waya kake yi. Ranar da aka toshe asusunka, ko na'ura ta haɗiye katinka, ko wayarka ta ɓata da layin a ciki, mutum kake buƙata mai kujera da tebur wanda za ka zauna a gabansa. Akwai ƙananan hukumomi a Arewa da babu reshen banki ko ɗaya, gyaran harafi guda a suna sai an biya kuɗin mota zuwa babban birnin jiha. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan mutane a Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 47 ne. Nisa yana cikin manyan dalilai. Kamfanonin kuɗi na waya sun rage wannan nisa ƙwarai wajen turawa da karɓa, amma ofisoshinsu na sauraron ƙorafi ba su da yawa, kuma bayyana matsala ga na'urar amsa saƙo cikin Turanci ba ƙaramin aiki ba ne ga gwaggon da ke sayar da ƙuli-ƙuli. Wannan ne ya sa nake ganin haɗin da ya fi dacewa da yawancin mutane shi ne asusun waya mai sauri don cefane da ciniki, da asusu a banki mai reshe kusa don ajiya.

Yanzu caji. Babban Banki ne ke ƙayyade iyakarsa, kuma a jagorar da ta fara aiki a Janairun 2020 tura kuɗi zuwa wani banki naira 10 ne idan bai wuce naira 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 idan ya haura haka, sannan a ɗora harajin kashi 7.5 a kan cajin. Akwai naira 50 ta gwamnati a kan tiransifar naira 10,000 zuwa sama, wadda tun Disambar 2024 ta shafi kamfanonin kuɗi na waya ma. Saƙon alat ya tashi daga naira 4 zuwa 6 a 2025. Daga 1 ga Maris, 2025, cire kuɗi a na'urar bankinka kyauta ne, a na'urar wani banki kuwa naira 100 ce a kan kowace 20,000, in kuma na'urar ba a harabar banki take ba ana iya ƙara har naira 500. Waɗannan alƙaluma suna sauyawa, don haka ka nemi takardar cajin banki ta yanzu kafin ka sa hannu. Tun da iyakar ɗaya ce ga kowa, bambancin yana wurin wanda ke yafe wani abu daga ciki, da kuma yadda kai kake amfani da asusun. Wanda ke cire kuɗi kullum, bankin da ke da na'ura a kan hanyarsa ya fi masa araha.

Cajin da ya fi cin 'yan kasuwa ba su ankara ba shi ne na kula da asusun karent, wanda a jagorar 2020 zai iya kaiwa naira 1 a kan kowace 1,000 da ta fita. A ido ba komai ba ne. Amma mai shago a Kantin Kwari da miliyan 10 ke fita daga asusunsa a wata zai biya naira 10,000 da haraji 750, a shekara naira 129,000. Wannan caji ana cinikinsa, naira 1 ɗin iyaka ce kawai, kuma manajan reshe ba zai so rasa mai irin wannan juyi ba. Ma'aikacin da ba ya rubuta cek, ba ya neman bashin kasuwanci, asusun sebin ya wadatar da shi, can cajin katin a jagorar 2020 naira 50 ne duk wata uku. Ka nemi bayanan asusunka na wata uku, ka zauna da biro ka ja layi ƙarƙashin duk abin da ya fita wanda ba kai ka kashe ba, ka tara. Da wannan jimillar za ka kwatanta banki da banki.

Asusun ajiya kuma wata magana ce. Amfaninsa na farko shi ne ya nisanta kuɗin daga hannunka, don haka ni shawarata kada a karɓi kati a kansa, kada a sa manhajarsa a wayar da ake yawo da ita kasuwa. Kada kuma a ɗauka zai haɓaka dukiya. Ƙa'idar Babban Banki ita ce kuɗin ruwan asusun sebin kada ya gaza kashi 30 cikin 100 na ma'aunin ruwan Babban Bankin. A ƙarshen 2024 ma'aunin yana kashi 27.5, ke nan mai ajiya yana samun 8.25, alhali hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar shekarar. Naira 100,000 ta zama 108,250, kayan da take saye a bara sun koma kusan 134,800. Wanda ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata ma ya rasa na wannan watan. Asusun ajiya wurin kuɗin ko-ta-kwana ne, da kuɗin haya, da na makaranta, abin da za a buƙata nan da watanni. Dukiyar shekaru tana da nata babin a gaba.

Ga ɗimbin Musulmi, kuɗin ruwan nan shi ne ma abin gudu, kuma shekaru da yawa shi ya hana iyayenmu kai kuɗi banki. Yau akwai zaɓi. Jaiz Bank ya buɗe a Janairun 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki. TAJBank ya biyo a 2019, Lotus Bank a 2021, sannan The Alternative Bank. A irin waɗannan bankuna asusun karent rance ne ka ba banki, zai mayar maka daidai, babu ƙari babu ragi. Asusun ajiya kuwa galibi mudaraba ne: kai ne mai jari, banki ne mai juyawa a harkokin halal, a raba ribar bisa kason da aka yi yarjejeniya tun farko. Ka tambayi kason nan, ka tambayi abin da aka raba wa masu ajiya a watannin baya, domin ba adadi ne tsayayye ba. Kowanne yana da kwamitin malamai masu duba ayyukansa, NDIC kuma tana ba ajiyarsu inshora kamar sauran. Sai dai rashin kuɗin ruwa ba ya nufin rashin caji, kuma ba ya gyara netwok. Duk tambayoyin da za ka yi wa wani banki, ka yi musu.

A wasu ƙasashe ƙungiyoyin ajiya da lamuni na mambobi suna buɗe wa mutum asusu har da kati, suna gogayya da bankuna. A nan abin da ya fi kusa da su shi ne ƙungiyar gama kai ta ma'aikata ko ta 'yan kasuwa, wadda ake yankar wani abu daga albashi duk wata, a ba mamba rance mai sauƙi, a sayo shinkafa da mai a raba lokacin azumi. Ina ganin ƙimarsu sosai, don sun gina wa malaman makaranta da ma'aikatan asibiti gidajen da banki ba zai taɓa ba su bashin ginawa ba. Amma rajistarsu a ofishin kula da ƙungiyoyin gama kai take, ba lasisin banki gare su ba, kuma inshorar NDIC ba ta rufe abin da mamba ya zuba. Kariyarka ita ce amanar shugabanni da tsarin ƙungiya. Kafin ka shiga, ka ga takardar rajista da idonka, ka ji ko ana taron shekara ana karanta lissafin da mai bincike na waje ya duba, ka san mutum nawa ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi, da kwana nawa ake ɗauka kafin a ba mai fita haƙƙinsa. Adashi ma haka yake, yana da kyau wajen tilasta tari, amma ba wurin ajiye kuɗin da za a nema tsakar dare ba ne.

Idan matsala ta faru, akwai ƙa'ida, kuma saninta yana sauya yadda ake kallonka a teburin ƙorafi. Tun Yunin 2020 Babban Banki ya ce idan na'urar bankinka ta cire ba ta bayar ba a mayar nan take, in hakan ya gagara kada ya wuce awa 24. Na'urar wani banki awa 48, na POS awa 72. Ka kai ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin, kada ka yarda da "je ka, zai dawo" kawai. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, kana da damar kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa na Babban Banki, kuma lambar nan za su fara tambaya.

Ranar buɗe asusun, ka tafi da BVN da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ka tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a duka biyun. Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a katin zaɓe, ya isa ya sa a tsayar da kuɗinka ranar da ka fi buƙatarsu. Asusun matakin farko da ake buɗewa a waya cikin minti biyu ba ya riƙe fiye da naira 300,000, don haka mai jiran kuɗin amfanin gona ko na fili ya ɗaga matakinsa tun kafin a turo. Layin da za a ɗaura asusun a kai ya zama da sunanka aka yi masa rajista, ka sa masa lambar sirri, domin ɓarawon waya layin yake nema. Matan aure musamman, asusunku ya kasance a kan layinku da sunanku, ko da maigida ne ya raka ku. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ya nemi lambar sirri ko lambar da aka turo ta saƙo.

Asusun ajiyar da ka ɓoye wa hannunka, kada ka ɓoye shi ga iyalinka. Asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba banki zai ɗauke shi a matsayin wanda ya kwanta, in ya kai shekara goma a haka, ƙa'idar 2024 ta ce a tura kuɗin wani asusu na musamman a Babban Banki har mai su ko magadansa su zo nema. Sunan da ka rubuta a gurbin makusanci a fom ba ya mayar da mutumin magaji, banki zai nemi takardar kotu kafin ya saki ko kwabo. Ka rubuta sunayen bankunanka da lambobin asusun a takarda, ban da lambar sirri, ka ajiye tare da takardun gida, ka kuma shaida wa mutum biyu da ka amince da su inda take.